Wankin Mai a Gidan Inna Yalwa

Na ji abin da kuke faɗa ɗazu a bakin rijiya, kada ku zaci kunnena ya mutu. Wai wanki ai wanki ne, a jiƙa, a cuɗa, a shanya. To ku matso ku zauna. Wankin gumi daban, wankin mai daban. Gumi da ya ga ruwa yake sakin zane. Mai kuwa in ya shiga zare, zama ya zo yi, sai an san ta inda za a biyo masa.

Ni a gidan Inna Yalwa na koya, nan Birnin Kudu, a unguwar da ke gindin dutse. Ƙanwar kakata ce, ta ɗauke ni riƙo tun ban iya ɗora tulu a kai ni kaɗai ba. Sana'arta tausa. Gajeriya ce, ba ta da yawan magana, amma hannunta kamar na maƙeri. Masu jego ita suke kira, tsofaffi masu ciwon gwiwa wurinta suke zuwa, haka manoman da huɗa ta sandarar wa baya. Mata a ɗakinta take taushe su, maza kuwa a zaure, da wani nasu zaune a gefe. Kowa ya zo sai an shimfiɗa masa zane a kan tabarma, a rufa masa wani, a ajiye tsumman goge hannu. Dokarta ɗaya ce, ba ta taɓa sauya ta ba: mutum ba ya kwanciya a kan warin wani. Wannan doka ita ta zama aikina har na yi furfura.

Zanen farko da aka ba ni na wata mai jego ne, farin saƙi, da tabon man shanu kamar tafin hannu a tsakiyarsa. Na suri abina na nufi rafi, na tsoma shi a ruwan sanyi, na yi ta cuɗa har kafaɗuna suka sage. Da yake jiƙe, tas na gan shi. Na shanya a kan falalen dutse ina ta jin kaina. Da ya bushe sai ga naso ya bazu ya kai faɗin faifai. Na kawo wa Inna ina sunkuyar da kai. Ta ɗaga shi ta duba ta hasken ƙofa.

"Tabawa," ta ce, "ba korarsa kika yi ba, fili kika ƙara masa."

Ba ta dake ni ba. Washegari ta ajiye aikinta, ta tsuguna tare da ni a tsakar gida, ta nuna mini daga farko.

Abin da ta fara koya mini shi ne, zanen mai ba da ruwa ake fara masa ba. Da hantsi za ki shimfiɗa shi a rana har man ya saki jiki. Sai ki barbaɗa masa dusar gero, ko farar ƙasa da aka dake ta yi laushi, ki murza da tafin hannu ciki da bai, ki bar shi. Dusa ta sha abin da za ta sha, ki kakkaɓe, ki sake zuba wata. Dusar nan ba ma zubarwa, kaji muke watsa wa. Duk unguwar babu kajin da suka kai na Inna ƙiba, har maƙwabta na tsokanarta wai kajinta ma tausa take yi musu.

Bayan dusa sai ruwan toka. Ba kowace toka ba, ta karan dawa muke so, wadda ta ƙone ta yi fari. Akwai wata tsohuwar tukunya mai huji a gindi, mu shimfiɗa ciyawa a cikinta, mu cika ta da toka, mu zuba ruwa, ya riƙa ɗiga cikin kasko. In kika taɓa shi kika ji santsi tsakanin yatsu, ya yi. Sai a ɗora a murhu. Zafin da ake so shi ne wanda hannu zai shiga amma ba zai yarda ya zauna ba. A nan zane zai kwanta har ruwan ya yi kamar tsinkakken kunu, maiƙo ya taso sama. Sannan ne sabulun salo zai yi amfani. Wanda ya fara da sabulu ya yi asarar sabulunsa. Daga nan sai rafi: a buga a kan dutse, a ɗauraye, a sake ɗaurayewa, har sai kin ja yatsa a jikin zanen kin ji yana turjewa.

Kanwa kuwa Inna ta hana ni taɓa ta sai da izininta. Na ga masu wanki da yawa suna antaya ta don aiki ya yi sauri, zane ya fito fes. Amma kanwa in ta gama cin mai, kan zare take komawa. Yau ki ga zane yana ƙyalli, gobe ki ja shi ya yage kamar ganyen da ya bushe. Kuma a wancan zamanin zane dukiya ne. Auduga sai an nome ta, an gurje, an kaɗa zare, an kai wa masaƙi, an jira shi ya ga dama. Inna takan ce zannuwanta su ne gonarta.

Na tuna wani farke da ya sauka a garin nan da jakunansa, ya fito daga kudu, ƙugunsa ya riƙe. Shi da mansa ya zo, man ja ne a gora, an dafa shi da citta. Inna ta ce tana da man kaɗe mai kyau, ya ce shi dai nasa. Ta bi shi a haka. Da ya tashi, farin gwadon da ya kwanta a kai ya koma kamar an yanka rago a kansa. Na yi dusa, na yi toka, na yi sabulu, maiƙon ya fita amma jan yana nan daram. Na ce wa Inna gwadon nan sai dai a kai marina a rine shi. Ta ce in kai shi kan dutse in shimfiɗa, kullum in yayyafa masa ruwa in juya shi. Ina yi ina gunaguni a raina. Ashe man ja rana ce maganinsa. Kaɗan-kaɗan jan ya koma ruwan ɗorawa, ruwan ɗorawa ya koma fari.

Kowane mai da halinsa. Man kaɗe, wanda muke samowa a kasuwar Gwaram bayan kaka, shi ne mai sauƙin kai: in sanyi ya shigo daskarewa yake, ki kankare rabinsa da sakaina tun kafin ki hura wuta. Man gyaɗa shiru-shiru ne, yana ratsa zare ya ɓuya, sai zane ya bushe ya fito yana yi miki dariya. Man shanu kuwa shi ne sarki a hannun mai tausa, babu kamarsa ga mai jego da jariri da jijiyar da ta ɗaure. Amma in kika bari ya kwana biyu a zane, ƙarninsa sai ya kori baƙo daga zaure.

Man shanunmu Dudu ce take kawo shi. Bafulatana ce daga Sundimina, danginta sun daɗe da zama wuri ɗaya, suna noma suna kiwo, Hausarta ta fi tawa. Duk ranar kasuwa kafin ta shiga cikin gari sai ta biyo ta gidanmu, ta sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗakin Inna, ta zaɓo mana curi mafi kyau. Tun daga zaure ake jin muryarta.

"Ina Tabawa mai toka? Ni in kawo, ke ki wanke. Anya ba wahalar banza muke yi ba, ni da ke?"

In ce mata, "Ranar da kika daina kawowa ai na huta."

Haka muka yi shekaru. Na yi aure a unguwar, na haifi 'ya'yana, ban bar wankin Inna ba. Kullum da safe ina gidanta. Ranar babban wanki kuwa, in kuka hango falalen dutsen nan daga nesa, fari fat yake da zannuwanmu, mata na wucewa suna cewa, "Inna Yalwa ta yi shanya."

Sai shekarar da shanu suka mutu.

Ku ba ku gan ta ba, Allah kada ya nuna muku irinta. Ciwo ne ya shigo garke, saniya ta ƙi kiwo, idonta da hancinta na zuba, kafin a ce me ta kwanta. Daga wannan ruga sai waccan. Ungulu suka ƙoshi har ba sa iya tashi. Nono ya ɓace a kasuwa, man shanu ya zama labari. Dudu ta daina zuwa. Da ta sake bayyana, ba ƙwarya ta ɗauko ba, jaki take ja, mijinta Buba a kai, an ɗaure shi da rawani don kada ya faɗo.

Buba namiji ne dogo, wanda a da yake yini a tsaye bayan garke. Dudu ta ce tun ranar da ya ja gawar saniyarsa ta ƙarshe ya kai bayan gari, ya dawo ya zauna a gindin bishiya, ƙafafunsa ba su sake ɗaukarsa ba.

"Inna," ta ce, "ba ni da abin da zan ba ki. Ko curi ɗaya ba ni da shi."

Inna ta tsuguna ta lallatsa ƙafar tun daga ƙauri har cinya. Ta ce, "Jijiya ce ta ɗaure, ba ta mutu ba. Ku shigo da shi." Aka gyara musu ɗan ɗakin da ke jikin wanda muke ajiye zannuwa, jinkarsu na taɓa juna.

Da babu man shanu, man kaɗe kuma ya yi wuya don kowa ya koma kansa, sai Inna ta koma man riɗi. Ban taɓa wanke shi da yawa haka ba. Ga shi da nacin tsiya, yana danƙo a zare. Ga bazara ta kai bazara, rafi ya janye sai kududdufai, ruwan da zan yi ɗauraya uku da shi sai in yi ɗaya. Buba kuwa safe da yamma ake taushe shi, ban da sauran masu zuwa. Zannuwa suna fita da sauran maiƙo a jikinsu, muna gani, babu yadda za mu yi.

Ran nan na yi babban wanki na shanya a kan dutse. Rana ta take, dutsen ya yi zafin da ba a taka shi ba takalmi. Bayan azahar sai hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin, na farko a shekarar. Ni da Inna muka ruga muka kwashe zannuwan da zafinsu, muka dunƙule, muka danna su a babban adudu, muka rufe, muka tura ɗaki. Hadarin ya yi ta rugugi, ya watse, ko ɗigo bai sauke ba. Aka zo kiran Inna wurin wata mai naƙuda, ta tafi. Ni da Dudu muna bayan gida muna tace toka.

Wajen la'asar Dudu ta ɗaga kai. "Tabawa, ƙauri nake ji."

Na ce ai murhu a kashe yake. Muka zagayo, sai ga hayaƙi na tuɗaɗowa ta ƙofar ɗakin zannuwa. Kafin in kai ga randa, wuta ta lashi jinka, iska ta miƙa ta kan ɗakin Buba. Muka afka ciki. Yana kwance a kan gwado, ya dafa ƙasa yana son tashi, ƙafa ta ƙi. Tartsatsi na zubowa daga sama.

"Ku fita!" yake cewa. "Dudu, ki fita, na ce!"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ɗaukarsa ta fi ƙarfinmu, mun gwada. Sai na kama bakin gwadon ta wajen kansa, ita ta kama ɗaya ɓangaren, muka ja. Muka ja shi a ƙasa, ta kan dokin ƙofa, ta kan tsakuwar tsakar gida, har gindin darni. Tsohon gwado ne, na fi shekara goma ina wanke shi, ga nauyin ƙato a kai, amma ko zare ɗaya bai tsinke ba. Da da kanwa aka saba wanke shi, a hannunmu zai rabu biyu. Muna saukewa jinkar ta rufta.

Maƙwabta suka kawo gudummawa da tuluna, aka tare wutar ba ta ci sauran gidan ba. Amma ɗakuna biyu sun tafi, da adudu, da duk zannuwan da Inna ta tara tun tana budurwa. Da ta dawo ta tsaya ta dubi tokar. Sannan ta je ta tsuguna gaban Buba, ta duba tafin ƙafarsa ko ya ƙone. Ta ce a mai da shi zaure.

Abin da ya biyo baya ya fi gobarar ciwo. Ɗakin nan ba a taɓa hura wuta a cikinsa ba, kowa ya sani. Sai magana ta tashi a unguwa: wai masifar da ta cinye shanu ce ta biyo Buba, duk inda ya sauka sai ta ci wani abu. Masu zuwa tausa suka ɗauke ƙafa. Wata dattijuwa, ƙawar Inna tun ƙuruciya, ta zo har gida.

"Yalwa, don Allah ki sallami mutumin nan. Ki dubi abin da ya same ki."

"Ki je ki faɗa wa waɗanda suka aiko ki," in ji Inna, "ban taɓa tayar da mutum daga tabarmata aiki bai ƙare ba. Ba zan fara da tsufana ba."

Ta yaga mayafinta biyu, rabi a shimfiɗa wa Buba, rabi a rufa masa. Na kawo zannuwana na aure. Da su muka ci gaba, a wanke da safe, a yi aiki da yamma. Abinci kuwa sai abin da mijina ya rago daga rumbu. Dudu ta shiga yi wa mutane surfe da daka don ta kawo abin miya, matar da a da ita ake roƙo.

Ana haka wata rana na kwaso tsummokan goge hannu daga kan dutse da tsakar rana, na cusa su a ƙwarya na kife da faifai, na shiga wani aikin. Da na dawo zan ninke, na tura hannu ciki, sai na fizge. Na sama sun huce, amma can tsakiya zafi ne kamar an binne garwashi, har tsumma ɗaya ya fara baƙi. Na kira Inna. Ta sa hannunta ta daɗe ba ta cire ba.

"To," ta ce. "Ashe ɓarawon a gida yake."

Daga ranar muka sa doka ta biyu, wadda har yau nake bi, ku ma ita nake so ku riƙe: zanen da ya sha mai, ko an wanke shi, ba a tara shi da zafinsa. A baza shi a inuwa a kan igiya, ya sha iska, ya huce sarai, sannan a ninke. Ko hadari ya taso gara ruwa ya dake shi. Mun faɗa wa duk wanda ya tambaya cewa zannuwan da muka danna a adudu da zafinsu su ne suka kama wuta da kansu. Wasu sun yarda, wasu sun ce Inna na neman wanke baƙonta ne. Ba ta yi musu da kowa ba.

Ba bayaninmu ne ya dawo da mutane ba. Damina ta sauka, aka shiga noma, bayan mutane ya fara ciwo, mata suka ci gaba da haihuwa kamar yadda suka saba. Wadda ta fara dawowa ita ce yarinyar da Inna ta je wa naƙuda ranar gobara. Uwarta ta rako ta, da zane ninke a hammata, ta ajiye gaban Inna ta ce, "Na san ba ki da na shimfiɗa." Daga nan abin ya zama al'ada. Wannan ta zo da tsohon zane, waccan da rabin gwado. Wasu ma ba ciwon komai suke ba, sai su ce sun zo gaisuwa, in sun tashi a ga sun bar ƙunshi a bayan ƙofa. Har dattijuwar nan ta aiko da nata, ba ta dai zo da kanta ba.

Buba kuwa a hankali. Yatsun ƙafa suka fara motsi. Sai ya zamana yana dafa bango ya miƙe. Kafin a yanke gero yana dogara sanda ya kai masallacin unguwa, mutanen da suka ce a kore shi suna ba shi wuri a sahu. Bayan kaka suka yi sallama. Ba su koma Sundimina ba, ya ce ba zai iya kallon turakun da babu komai a jikinsu ba. Suka tafi wurin 'yan'uwansa a Dingaya, can ƙasar Gwaram. Muna jin labari jefi-jefi daga masu zuwa kasuwa: yana noma, yana kuma kiwon 'yan shanun da wani ya sayo daga nesa, da alkawarin za a ba shi karsana.

Shekaru suka wuce. Inna ta tsufa ƙwarai, sai manya-manyan ayyuka take taɓawa. Ran nan da hantsi ina tsugune ina murza dusa, sai na ji murya daga zaure.

"Ina Tabawa mai toka? Hutun ya isa haka!"

Dudu ce, ta rame, ta yi furfura, da 'yar ƙaramar ƙwarya a kai. Buba na biye da ita, a ƙafa suka zo tun daga Dingaya, ko sanda bai riƙe ba. Ta durƙusa gaban Inna ta buɗe faifai. Curi ɗaya ne tak, bai fi ƙwan zabo ba, yana yawo a cikin nono.

"Karsanar ta haihu, Inna. Wannan shi ne na farko. Buba ya ce ba mai taɓa shi sai ke."

Inna ta ɗauki ƙwaryar da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Ni har na miƙe na ɗauko kaskon da muke soya man aiki, don akwai mai jego da ke jira. Sai ta ce, "Ajiye kaskon nan. Ɗora tukunyar tuwo."

Na ce, "Inna, mai jegon fa?"

"Man kaɗe ya ishe ta yau. Wannan ba na shafawa ba ne."

Na tuƙa tuwon dawa, Dudu ta kaɗa miyar kuka. Inna da kanta ta soya man da 'yar albasa, ƙamshi ya cika gidan har yaran maƙwabta suka leƙo ta darni. Ta raba shi biyu, rabi a akushin Buba aka kai masa zaure, rabi a namu. Muka zauna mu uku muka sa hannu. Dudu na ci tana dariya, hawaye na zuba, ba ta share ba. Inna ta side yatsunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ɗaga murya yadda za a ji ta a zaure.

"Buba, ya ka ji shi?"

 Muka ji ya ce, "Inna, yana nan yadda na san shi."